Yara 78 da littafi 12: ta ina malamar CP za ta fara?

Wata malama da ke koyarwa a bayan garin Maradi, kan hanyar Ɗan Isa, ta aiko da tambaya. Shekararta ta biyu ke nan da fitowa daga makarantar horar da malamai, an ba ta ajin CP, wato aji na biyu na firamare, mai yara 78 a cikin rumfar zana, littattafan karatu 12 ne kawai a hannunta. Ta ce idan ta rubuta darasi a babban allo yara suna karantawa tare da murya ɗaya kamar sun iya, amma ranar da ta kira su ɗaya bayan ɗaya, mafi yawansu ba su iya fitar da ko kalma guda ba. Tana son sanin yadda za ta tsara ajin da lokacinta domin karatun ya zauna.

Malama, Allah ya ƙara basira. Abin da kika gani ranar da kika kira su ɗaya-ɗaya shi ne hakikanin matsayin ajinki, kuma malamai da yawa sukan shekara goma suna aiki ba su yarda sun duba wannan wurin ba. Karatun taro, inda malami zai nuna layi da sanda yara su amsa gaba ɗaya, hadda ce ta kunne. Yara biyar ko shida da suka iya su ne ke jan ragamar, saura suna bin bakinsu da jinkirin da kunnen malami ba ya kamawa a cikin hayaniyar mutum saba'in. Na taɓa shiga wani aji a lokacin da nake zagayen duba malamai, na tarar yara suna rera darasin ranar ba tuntuɓe, malaminsu yana murmushi. Na roƙe shi izini, na goge jimlar, na sake rubuta kalmominta huɗu a wani jeri dabam, na nuna ta ƙarshe. Ajin duka ya karanta mini jimlar farko yadda take, daga farkonta har ƙarshenta. Malamin ba rago ba ne, yana zuwa a kan lokaci, yana shirya darasinsa. Abin da ya rasa shi ne hanyar jin kowane yaro shi kaɗai. Saboda haka duk shawarar da zan ba ki a kan zaman yara da kayan aiki da rabon lokaci tana komawa ga abu ɗaya: kowane yaro ya karanta miki da bakinsa, idonsa a kan rubutu, aƙalla sau ɗaya a mako.

Kada ki ɗauka ajinki ne kaɗai. Binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ɗaliban ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar ƙasa da yaro ɗaya cikin goma ne ke kai matakin da ake buƙata a karatu a ƙarshen firamare. A binciken 2019 abin ya tashi zuwa kusan uku cikin goma. Yaron da ya isa CM2, ajin ƙarshe na firamare, bai iya karatu ba, a CI da CP, azuzuwa biyu na farko, aka bar shi, domin daga CE1, aji na uku, manhaja tana ɗauka cewa ya riga ya iya, ba mai komawa ya koya masa haɗa baƙi da wasali.

Abin da za ki fara yi a wannan makon shi ne gwaji, kuma ba ya buƙatar kuɗi. Ki sami kwali huɗu. A na farko ki rubuta haruffa goma a warwatse, ba a jerin abacada ba; a na biyu kalmomi goma masu gaɓa biyu; a na uku jimloli huɗu gajeru; a na huɗu ɗan labari na layi bakwai ko takwas. Ki zauna a bakin rumfar, ki ba ajin aikin kwafa, ki riƙa kiran yaro ɗaya. Ki fara masa da jimlolin. Idan ya karanta su ba tare da kuskure fiye da biyu ko uku ba, ki miƙa masa labarin. Idan ya kasa, ki sauko zuwa kalmomi, idan nan ma ya kasa, zuwa haruffa. Minti biyu sun ishi kowane yaro, ke nan yara 78 za su ci miki kamar awa biyu da rabi, ki raba su a kwana uku. Wannan hanyar asalinta daga ƙungiyar Pratham ce ta ƙasar Indiya, kuma a nan Nijar an yi aiki da irinta a shirin Makaranta Don Kowa da hukumar JICA ta Japan ta tallafa wa, inda ake tara yara bisa matakin da suke a kai maimakon bisa ajinsu. A ƙarshe za ki sami rukuni biyar: waɗanda ba su san harafi ba, masu haruffa, masu kalmomi, masu jimloli, da masu labari. Idan kin ga fiye da rabin ajin sun taru a rukuni biyu na farko, kada gabanki ya faɗi, haka aka fi samu. Kuma kada ki faɗa wa yaran cewa jarrabawa ce, kada sanda ta kasance kusa da ke, domin yaron da ke tsoro yakan manta harafin da ya sani.

Rukuni biyar sun yi wa malami ɗaya yawa, don haka ki haɗe su zuwa uku: masu neman haruffa, masu haɗa gaɓoɓi da kalmomi, da masu karanta jimla. Ki ba su sunayen da ba su nuna fifiko, kamar Gero, Dawa da Wake, ko da yake yara za su gane wane ne wane kafin azahar. Amfanin sunan shi ne kada bakinki ya saba da cewa "marasa ƙoƙari". Al'adar da muka gada ita ce masu ƙoƙari su mamaye gaba, waɗanda ba su iya ba su lallaɓa can baya inda babu mai tambayarsu. Ki juya wannan. Masu neman haruffa su zauna a gaba, kusa da allo da ke, masu jimla su koma baya tunda su za su iya aiki ba tare da kin tsaya a kansu ba. Idan a tabarma suke zaune, ki ja layi a ƙasa ki bar hanyoyi biyu daga gaba zuwa baya, masu faɗin da za ki wuce ba ki taka ƙafar kowa ba, domin yaron da ba ki iya isa wurinsa ba, ba ki koyar da shi.

Akwai wani dalilin barin waɗannan hanyoyin wanda duk mutumin Maradi ya sani. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a cikin garin nan, yara fiye da 20 suka rasu, Allah ya jiƙansu, watanni kaɗan bayan irinta ta faru a Yamai. Tunda rumfa kike ciki, kada buhu ko tulu ko tebur ya tsaya a bakin ƙofa, ki nemi darakta a buɗe wata mafita ta biyu a bayan rumfar, kuma ki koya wa yara fita layi-layi har ya zama musu jiki. Wannan ya riga duk wata maganar karatu.

Ba ki faɗa mini ko makarantarku ta harshe biyu ce ko ta Faransanci zalla ba, kuma wannan yana canja abubuwa. Nijar ta daɗe da gwada fara karatu da harshen gida, tun makarantar gwaji ta farko da aka buɗe a Damagaram a 1973, dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa, kundin sake gina ƙasa na 2025 kuma ya sanya Hausa harshen ƙasa. Ra'ayina, bayan shekarun da na yi ina shiga azuzuwa daga Tasawa zuwa Gidan Rumji, shi ne yaron da ya fara gane sirrin haɗa sauti da harafi a cikin harshen da yake ji, sau ɗaya yake koyon wannan sirrin, sannan ya ɗauke shi zuwa Faransanci. Rubutun Hausa yana da gaskiya: kusan kowane harafi sauti ɗaya yake da shi. Da haruffa takwas kawai, a, i, u, b, k, m, n, t, yaro zai karanta baba, kaka, nama, kuka, taki, tuta, har da jimla kamar "Kaka ta ba Binta nama", kuma ya san abin da ya karanta domin ya taɓa ganin kaka ta ba wani nama. Faransanci ba haka yake ba: sautin o kaɗai ana rubuta shi o, au, eau, ga haruffan ƙarshen kalma da ba a furtawa. Yaron da ake nema ya koyi sabon harshe da sabon rubutu a lokaci guda, kaya biyu aka ɗora masa. Ko da makarantarku ta Faransanci ce zalla, babu abin da zai hana ki ɗauki minti goma ki nuna haɗin ma, mi, mu da kalmomin da yara suka sani, kuma ki yi bayanin ma'ana da Hausa kafin a koma littafi.

Wurin da harsunan biyu suka saɓa, a faɗa wa yara a fili. Harafin u na Hausa shi ne ou na Faransanci. C ɗinmu ba c ɗinsu ba ne. Sh ɗinmu su ch suke rubutawa. Ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kuwa babu su a Faransanci. Allunan kan hanya sun ishe ki misali. Ki rubuta Madarunfa da Madarounfa, Tasawa da Tessaoua, Gidan Rumji da Guidan Roumdji gefe da gefe, ki bar masu jimla su gano da kansu abin da ya bambanta. Ki kuma tuna cewa yawancin yaranki suna zuwa makarantar allo da asuba ko da yamma. Sun san babbaƙu da farfaru, wato sun riga sun san cewa baƙi ba ya magana sai an sa masa wasali, kuma wannan jari ne da ya kamata ki ambata musu. Abin da zai rikita wasu shi ne alkibla, tunda can daga dama ake farawa. Ɗigo ɗaya na alli a kusurwar hagu ta ƙaramin allonsu yana magance wannan cikin mako biyu.

Game da rabon lokaci, karatu ya zo da safe, kafin rana ta buɗe, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da rumfa ke zama kamar tanda. Ki fara da minti goma sha biyar na ajin duka: sautin ranar, yadda baki ke fitar da shi, kalmomi uku da yara za su kawo da kansu masu wannan sautin, sannan rubuta shi a iska, a ƙasa, a ƙaramin allo. A nan ne hanyar Lamartiniyar da aka koya muku, wato rubuta amsa a ƙaramin allo a ɗaga gaba ɗaya, take da amfani fiye da yadda ake zato. Ki faɗi gaɓa, yara su saurara alli a ƙasa. Ki buga tebur su rubuta. Ki sake bugawa su ɗaga alluna. Cikin ƙiftawa kin ga amsa 78, kin san wanda ya rubuta d a wurin b. Sharaɗin shi ne ki duba da gaske, layi bayan layi, har na baya. Na sha ganin malami ya ce a ɗaga, ya ce a sauke, idonsa na kan littafin shirinsa. Wanda ba shi da allo, ki yanka masa guntun katako ko kwali mai kauri a shafa masa baƙin fenti, kwamitin kula da makaranta zai iya sayen gwangwani ɗaya ya wadaci aji biyu.

Bayan wannan sai minti talatin na rukuni. Ke ki zauna da masu neman haruffa kwana uku a mako, da masu gaɓoɓi kwana biyu, saura suna aiki da abin da kika tanada. Marfin kwalba da ake zubarwa a bakin kowane shago, idan aka rubuta harafi a cikin kowanne, ya zama kayan haɗa kalma: yara huɗu, marafe ashirin, a ga wanda zai fi fitar da kalmomi masu ma'ana, su kwafe su a allo domin ki gani daga baya. Kwalin sabulu da na taliya a yanka su katin gaɓoɓi. Littattafanki 12 kuma, kada ki raba su ɗaya ga yara shida ko bakwai, domin a haka biyu ne ke ganin rubutun daidai, ɗaya yana ganinsa a kife, saura suna kallon bango. Ki ba rukuni ɗaya kawai a lokaci guda, littafi ɗaya yara biyu, ɗaya yana karantawa da yatsa a ƙarƙashin kalma, ɗaya yana bi, su canja a kowane layi. Da haka yara 24 suna karatu na gaske, gobe wasu su karɓa.

A cikin kowane rukuni, kowace ƙaramar ƙungiya ta yara shida zuwa takwas tana buƙatar shugaba, amma a yi hattara da wannan. Shugaban da aka ba sanda da ikon rubuta sunan masu surutu ɗan sanda ne, ajin zai tsane shi, shi kuma ba zai koyi komai ba. Aikinsa ya tsaya ga ɗauko kaya, nuna kati, da mayar da kaya a ƙirge. A riƙa canja shi duk wata, a sa mata daidai da maza, domin idan aka bar abin ga wanda ya fi ɗaga murya, ba yarinyar da za ta taɓa riƙe katin.

Sai sauraron ɗaya-ɗaya, wanda shi ne dalilin duk wannan shiri. Yara 78 a kwana biyar, 16 ke nan a rana. Ki raba sunayensu bisa ranaku a bayan littafin kiran suna, kowane yaro ya san ranarsa. Minti ɗaya ya isa: ya zo, ki nuna masa layin da bai haddace ba, daidai matakinsa, ya karanta, ki sa alama ɗaya a gaban sunansa, ko ki rubuta harafin da ya ba shi wuya. Ana iya yin takwas lokacin da ajin ke kwafa, takwas kafin a tashi. Bayan wata guda wannan shafin zai gaya miki abin da babu mai duba makarantu da zai iya gaya miki, misali cewa yara ashirin suna rikita n da u, ke nan darasin gobe ya samu. Ga masu jimla, ki riƙa lura da sauri. Masu bincike kan karatu sukan ambaci kalma 45 zuwa 60 a minti a matsayin inda fahimta ke fara zama, kuma dalilin a bayyane yake: yaron da ya ɗauki rabin minti yana fitar da jimla, kafin ya kai ƙarshenta ya manta farkonta. Maganin jinkiri shi ne maimaita ɗan rubutu ɗaya sau uku ko huɗu a ranaku dabam-dabam, amma kullum ki biyo da tambaya a kan ma'ana, domin rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, kuma wanda ya karanta "gari" ba tare da tunani ba bai san ko na tuwo ne ko na mutane ba.

Ƙarancin abin karantawa shi ne ciwon da ya fi daɗewa, kuma ba na ba ki shawarar jiran ranar da za a kawo littattafai. Ki rubuta naki. Ranar Litinin ki tambayi yara abin da suka gani, su faɗa, ki zaɓi jimla biyar ki rubuta da manyan haruffa a bayan buhun siminti ko takardar kwali: jar akuyar gidansu ta haifi biyu, an kai gyaɗa kasuwa, gulbi ya kawo ruwa, an je kamun kifi tabkin Madarunfa. Ki rataye a igiya da ƴan maƙalai a tsayin idon yaro, ba a can sama inda sai babba ke gani ba. A ƙarshen shekara kina da shafi talatin da ajin ya rubuta da bakinsa. Sannan ki ware minti goma kullum ki karanta musu da kanki, tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ko labarin yadda ambaliyar 1945 ta sa Maradi ta tashi daga kwari ta hau tudu, ki tsaya a tsakiya ki tambaye su me suke jin zai faru. Wannan ba ya koyar da haruffa, amma yana cika musu kai da kalmomi, yana kuma nuna musu cewa akwai abin daɗi a cikin takarda wanda ya cancanci wahalar.

Kayan nan duka abincin gara ne da awaki, iskar hunturu kuma tana binne su da ƙura. Akwatin ƙarfe ɗaya mai kwaɗo, a ɗora shi a kan bulo, a ajiye shi ofishin darakta ko gidan maƙwabci da yamma, ya wadatar. Kowace ƙungiya da jakarta ta buhu mai lamba, littattafai a naɗe musu bango da leda, a ƙirga su da baki a gaban yara kafin a tashi.

Za ki ga wasu sunaye suna yawan rasa ranarsu ta sauraro. A Oktoba girbi ne ke riƙe su, daga baya kuma ranakun kasuwa, Litinin da Juma'a, da tallar da ake ɗora wa ƴan mata. Kada ki sa yaran da suka fi rauni a waɗannan ranaku biyu. Ki kai wa ƙungiyar iyaye mata sunayen, ki kuma kai sakamakon gwajin gaban kwamitin kula da makaranta a fili: yara kaza ba su san harafi ba. Iyaye da yawa ba su yi boko ba, amma sun san ma'anar a ce yaro ya shekara biyu bai wuce babbaƙu ba, kuma a garuruwa da dama daga irin wannan zaman ne aka samo matasan unguwa da ke zama da yara awa ɗaya da yamma.

Bayan mako shida ki sake gwajin da sababbin kwalaye, ki matsar da duk wanda ya haura zuwa rukuni na gaba a ranar, a gaban ƴan'uwansa. Waɗanda ba su motsa ba ko kaɗan, kafin ki yanke musu hukunci ki tsayar da kowannensu a bayan aji ki nuna masa babban harafi, sannan ki tsaya a bayansa ki kira sunansa a hankali. A cikin kowane babban aji akan sami wanda ido ne ko kunne ke hana shi, sai a sanar da iyayensa su kai shi asibiti. Shafin nan mai alamomi kuma ki tafi da shi taron CAPED na gaba, wato zaman ƙara wa juna sani na malaman yankinku, ki ajiye shi a gaban malamin CI da na CE1, ku duba tare haruffan da yara ke isowa ba su sani ba da waɗanda za su wuce da su.